Bakin Aro a Tashar Luba

Ranar da Pa Gideon ya dawo bakin aiki bayan doguwar jinya, kowa a tashar jiragen ruwa ta Luba ya yi murna, in ban da mutum ɗaya. Leoncio Buika, shugaban masu ɗaure jirage, ya hango shi tun daga gangaren kasuwa yana saukowa, yana ɗan jan ƙafar dama, da tsohuwar hular kakinsa a ka, sai ya kau da kai. Ba wai ba ya ƙaunarsa ba ne. Pa Gideon mijin yayarsa Casilda ne, kuma shi ya kamo hannunsa daga gonar koko ya kawo shi tasha tun bai fara gemu ba, ya koya masa yadda ake cafe igiya ba tare da ta tafi da yatsun mutum ba. Abin da Leoncio ya sani, wanda sauran ba su gama ganewa ba, shi ne ciwon shanyewar ɓarin jikin da ya kwantar da tsohon ya maido masa da hannunsa da ƙafarsa, amma ya riƙe harshensa bai maido ba.

Wanda bai san aikin ba zai ce to mene ne a ciki, ai da hannu ake ɗaure igiya. Ya yi kuskure. Ɗaure jirgi rabi hannu ne, rabi baki. Kowace igiya da sunanta, kuma a nan Luba sunan biyu ne, domin jiragen Bata da na Malabo da Sifaniyanci suke kira, na Kalaba da na Limbe kuwa da Turanci. Igiyar goshin jirgi, wannan kyaftin ya ce "proa", wancan ya ce "bow". Ta baya kuwa "popa" ce a bakin ɗaya, "stern" a bakin ɗayan. Har wadda ake gittawa a karkace don kada jirgi ya riƙa zamewa gaba da baya tana da nata sunaye. Ƙa'idar tun ta kakanni ce: kyaftin ya kira daga can sama, wanda ke tsaye a turken ƙarfe ya yi abin da aka ce, sannan ya mayar da amsa da bakinsa, da sunan igiyar, da yaren da aka kira shi.

Mafi nauyi a ciki ita ce amsar turken baya a lokacin tashi. Daga inda kyaftin yake, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin gindin jirginsa. Mai turken baya ne idonsa. Shi zai cire zargen igiya ya sake ta, ya leƙa ruwa, ya ga an janye ta sama, ya ga babu komai kusa da farfela, sannan ya ɗaga murya ya ce "popa libre" ko "stern clear", wato baya ba komai. Kafin a ji wannan, farfela ba ta juyawa, ko da kyaftin zai yini yana zagi. Kuma tun Leoncio bai san hanyar tasha ba, turken baya na Pa Gideon ne.

Shi ya koya wa kowa sunayen nan. Ɗan Kiriyo ne, jikan waɗanda suka zo daga Saliyo. Turanci ya tsotsa a nono, da shi yake waƙa a coci, Sifaniyanci kuwa bulalar makaranta ce ta cusa masa. Koyarwarsa ba ta lallashi ba ce. "Kai, ɗan gona," haka yake ce wa Leoncio a da, "igiya ba ta jin yarenku na Bubi. In ba ka kira ta da sunanta ba, za a kira ka da naka a asibiti." Muryarsa kuwa, matan kasuwar kifi sun sha cewa da ita suke sanin jirgi ya tashi.

To ga shi ya iso, ana ta rungumarsa. Fermín, ɗaya daga cikin masu ɗaurin, wanda bakinsa ba ya zama a rufe, ya tare shi.

"Pa, ashe za ka dawo? Mu mun ɗauka Mama Casilda ta ɗaure ka a ƙafar gado da irin ɗaurin da ka koya mata!"

Aka kwashe da dariya. Pa Gideon ya yi murmushi da rabin fuska, ya buɗe baki zai rama, don bai taɓa barin tsokana ta kwana ba. Leɓɓansa suka motsa, suka sake motsawa. Abin da ya fito shi ne, "E... e... to." Dariyar ta mutu a hankali. Ya wuce su ya je turken baya, ya shafa kan ƙarfen, ya tsaya a inda ya saba tsayawa.

Leoncio bai hana shi ba, domin shi kansa an riga an ɗaure shi tun a gida. Ana gobe tsohon zai sauko, Casilda ta zo ta same shi yana cin abincin yamma, ta zauna ba tare da an ce mata zauna ba.

"Auta, gobe zai zo tasha. Ka ba shi wurinsa."

"Yaya, mutumin nan ko sunana ba ya iya kira. Ta yaya zai kira sunan igiya?"

"Sunanka ne aikin? Ni da nake kwana da shi na gaya maka hannunsa garau yake. Shekaranjiya ya ɗaure mini akuya, sai da wuƙa na kwance ta."

"Ba maganar hannu ake ba."

"To ni maganar rai nake yi. Tun safe yake zama yana kallon bango. In ya ji jiniyar jirgi sai ya miƙe, ya ɗauki hula, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya zauna. Ka taɓa ganin namiji yana narkewa da ransa? Ka bar mini shi a gida, kafin damina ta wuce za ka zo ɗaukar akwatin gawa." Ta share ido da haɓar zani. "Da kai ne a kwance, shi ba zai tsaya yi mini wannan dogon bayani ba."

Wannan gaskiya ce, don haka ya amince.

Jirgin Bata ne ya fara gwada su. Shigowarsa ba matsala, Pa Gideon ya cafe igiya ya zarga a turke kamar bai taɓa kwanciya ba, hayaniyar fasinjoji kuma ta rufe rashin amsarsa. Da aka zo tashi, Leoncio ya ba Fermín turken gaba, shi kuma ya tsaya a tsakiya kamar mai duba wani abu. Kyaftin ya leƙo ya yi kira, "Larga popa!", wato a saki ta baya. Tsohon ya cire zarge, ya sake ta, ya leƙa ruwa, ya ɗago kai. Leoncio yana ganin jijiyar wuyansa ta miƙe, haɓarsa na rawa. Kyaftin ya sake kira. Sai Leoncio ya ruga ya leƙa ruwan da kansa, ya ga ba komai, ya juya wa jirgin baya, ya kumbura murya irin ta tsohon ya ce, "Popa libre!"

Farfela ta juya, jirgi ya kama hanya. Pa Gideon ya dube shi, kallo mai tsawo, wanda Leoncio ya kasa fassarawa, ko godiya ce ko wani abu ne daban. Ya zaɓi ya ɗauka godiya ce.

"Shugaba," in ji Fermín da suna naɗe igiyoyi, "kunnena ne ya lalace, ko kuwa bakin wani na ji a turken wani?"

"Bakinka ne ya yi yawa."

"Ni dai na faɗa. Wanda ya leƙa shi ke amsawa. Haka shi da kansa ya koya mana, har da ranƙwashi."

"Ai na leƙa."

"Yau dai ka leƙa."

Leoncio ya yi tsaki ya bar wurin.

Ya so ya gyara abin. Ya sayo usur ya rataya wa tsohon a wuya. Pa Gideon ya cire shi, ya jujjuya shi a hannu, ya ɗora a kan turke, ya sa yatsa ya ture shi cikin teku. Fermín ya ce, "Ya ce maka shi ba alƙalin wasan ƙwallo ba ne." Kuma ko ba don girman kai ba, tsohon ya fi Leoncio gaskiya. Tasha cike take da fito da usur, na 'yan dako da na masu mota, babu kyaftin ɗin da zai juya farfela a kan busar da ba ta ambaci sunan igiya ba. Saboda haka aka zauna a kan bakin aro. Tsoho ya saki igiya, ƙanin matarsa ya amsa, yau da Sifaniyanci, gobe da Turanci. Pa Gideon ya koma cin abinci, in ji Casilda, har ya fara mayar da jiki. Da yamma su biyun sukan zauna a rumfar mai bammi, Leoncio na ta zuba, tsohon na gyaɗa kai, kamar dai duniya ta koma daidai.

Sai dai sabo turken wawa ne. Da farko Leoncio yakan ruga ya leƙa ruwan da idonsa. Daga baya ya ga ai tsohon ya riga ya leƙa, sai ya koma duban fuskarsa kawai. Daga baya kuma, da yake aikin shugaba ba ɗaya ba ne, ga 'yan dako ga fasinjoji ga masu talla, sai ya zamana da wutsiyar ido yake duban turken. In ya ga babu igiya a kai, bakinsa ya amsa da kansa. Da za ka tambaye shi ranar da ya daina leƙawa, ba zai iya gaya maka ba.

Wata safiya ta damina, ana yayyafi, jirgin Bata ya cika da mutane da buhunan gwaza da kwandunan agade. Leoncio yana tsakiyar cacar baki da wata mata da ta girke kayanta a kan igiyar gaba, ta ce ba wanda ya isa ya ɗaga ta. Ya ji kyaftin ya kira ta baya. Ya waiga, ya ga turke fayau, ya ce "Popa libre!", ya juyo ya ci gaba da faɗansa.

Bai ga abin da Pa Gideon ya gani ba. Wani masunci ɗan tsibirin Annobón, mai suna Melchor, ya sulalo da kwalekwalensa ta tsakanin ginshiƙan dandamali ya maƙale a gindin jirgin, yana miƙa wa kuku kifi ta wata 'yar taga. Tsohon ya saki igiya, ya leƙa, ya gan shi, ya yi abin da ƙa'ida ta ce, bai amsa ba. Har ya ɗaga hannuwa biyu sama. Sai ya ji an amsa a madadinsa.

Ruwa ya tafasa a gindin jirgin. Leoncio ya ji ƙarar fashewar itace, sannan ihun mata. Kafin ya iso, kwalekwalen ya rabe biyu a jikin ginshiƙi, kifi na yawo a kan kumfa, kan Melchor yana nutsewa yana ɓullowa. Pa Gideon ya riga ya ɗauki siririyar igiyar jifa. Ya wurga ta da hannun nan da ciwo ya taɓa shanyewa, ta faɗa daidai kan kafaɗar mutumin. Fermín da 'yan dako suka ja. Melchor ya fito da ransa, hannunsa na hagu yana lilo daga gwiwa. Allah ya taƙaita, amma hanyar abincinsa ta bi ruwa.

Mutanen garinmu, in abu ya faru, ba sa jiran a share jini kafin su nemi mai laifi, kuma a ranar ba su sha wahalar nema ba.

"Wa ke turken baya?"

"Tsohon nan ne! Wanda ciwo ya taɓa!"

"Ido ya mutu, an ƙi zama a gida. Sai ya kashe wani hankalinsa zai kwanta!"

Pa Gideon na tsaye a tsakiyarsu, igiya a hannu, ruwan sama na bin fuskarsa, bakinsa na motsi ba sauti. Mutumin da a da kalma ɗaya tasa takan watsa taro. Bai dubi masu zaginsa ba, Leoncio ya duba. Shi kuwa Leoncio, abin kunya, sai da ya ga Fermín ma ya zuba masa ido, kafin ya iya buɗe baki.

"Ku rabu da shi. Ni na amsa. Shi bai ce komai ba."

Shugaban tasha mutum ne mai sanyin magana, irin waɗanda in sun yi shiru ka fi jin tsoronsu. Ya saurari Leoncio har ƙarshe a ofishinsa, ya cire tabarau ya murza ido.

"Tun yaushe?"

"Tun da ya dawo, Yallaɓai."

"Ke nan duk jiragen da suka tashi a nan, a kan ƙarya suka tashi."

"Ba ƙarya ba ce, Yallaɓai. Ruwan ba komai a..."

"Ka gani?"

Leoncio ya sunkuyar da kai.

"Kai da mutanenka za ku shiga daji ku sassaƙa wa masuncin nan wani kwalekwale, kuma ba za a kwana da yunwa a gidansa ba har hannunsa ya ɗinke. Wannan naka ne. Tsoho kuwa ya koma gida."

"Yallaɓai, shi kaɗai ne bai yi laifi ba a cikinmu."

"Na sani. Ba hukunci nake masa ba. Turken baya baki yake so."

Leoncio ya roƙa, irin roƙon da bai taɓa yi don kansa ba. Ya ce harshen yana dawowa a hankali. Ya ce a gwada shi da jirgin Kalaba, tunda Turanci ne yaren uwarsa, wataƙila ya fi kusa da bakinsa. Shugaban ya sassauta, don shi ma muryar Pa Gideon ya tarar a tashar nan.

"To. Ranar da jirgin Kalaba zai tashi zan sauko da kaina. Ya amsa da bakinsa, turke nasa ne. Bai amsa ba, shi ke nan. Kai kuma in na ji ko tarinka, ku biyu za ku tafi."

Da la'asar Leoncio ya hau tudu zuwa gidan yayarsa. Ya tarar da tsohon zaune a gindin mangwaro, Casilda na fere gwaza a gefe. Ya durƙusa, abin da bai taɓa yi wa mijin yayarsa ba, tunda tsakaninsu wasa ne.

"Pa, ka yafe mini. Taimakonka na so yi."

Pa Gideon ya dube shi. Ya ɗora tafin hannu a kan bakin kansa ya danne. Ya nuna wajen teku. Sannan ya miƙo hannu ya kama leɓɓan Leoncio da yatsu biyu, ya matse su da ƙarfi har ya ji zafi.

"Me yake cewa, Yaya?"

Casilda ba ta ɗago ba. "Kai da kake yi masa baki, yau ka kasa ji? Cewa yake shi ya amsa. Shirun da ya yi ai amsa ce, kuma daidai ce. Ciwo ya kwashe masa Turanci, ya kwashe Sifaniyanci, ya bar masa abu ɗaya tak da yake iya gaya wa kyaftin, wato kada ka motsa. Shi ma ka zo ka ƙwace." Ta jefa gwaza a kwano. "Ni ma da hannuna a ciki, ni na matsa maka. Amma wurinsa na ce ka ba shi, ban ce ka zama harshensa ba."

Maganar ta shige shi fiye da duk abin da aka faɗa a ofis. Duk watannin nan gani yake shi ke riƙe da mutuncin tsohon. Bai taɓa kawowa a ransa ba cewa tun ranar farko ya mayar da shi mai ɗaga igiya kawai, wanda ganinsa da rashin ganinsa duk ɗaya ne. Ya ji kunya, ya kuma ji baƙin ciki irin wanda mutum ke ji in ya gane da hannun alheri ya yi ɓarna.

Daga ranar gidan Casilda ya zama tasha. Aka kifa turmi a tsakar gida ya zama turke, aka kwanto igiyar shanya. Casilda ta hau kan kujera ta zama kyaftin, da Turancinta na kasuwa.

"Lego sitan!" ta yi kira, wai a saki ta baya.

Pa Gideon ya toshe kunne, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Ku ga mutum! Ba ya iya faɗa, amma ya iya raina na wani. To Bature, faɗa mana yadda ake cewa."

Sai ya cire igiya daga turmi, ya leƙa ƙasa inda kaji ke tono, ya ɗago, ya fara kokawa. Wani lokaci ba abin da ke fitowa sai iska. Wani lokaci kuma, bayan an fid da rai, har Casilda ta sauka ta koma kan tukunya, sai a ji rabin kalmar farko ta fito a gurguje ta tsaya.

"Sannu da ƙoƙari, Tsoho," takan ce. "Jirgi ya kai Kalaba ya sauke kaya ya dawo."

Leoncio kan biyo ta gidan in ya fito daga dajin da suke sassaƙa, hannuwansa duk sun yi bororo, ya zauna a gefe. Gatari bai ba shi wahala kamar zaman nan ba. Yana ganin kalmar na yi wa tsohon gardama, ita kuma tana kan nasa harshen, dole ya haɗiye ta. Ashe jiran mutum ya fi yi masa aiki wuya. Casilda cewa take turmi ne ba ya ba shi ƙarfi, in ya ji warin teku da kiran kyaftin na gaske za ta fito. Leoncio bai musa mata ba, shi ma abin da yake fata ke nan.

Jirgin Kalaba ya zo ya sauke robobi da atamfofi, ya ɗauki nasa kayan. Ranar tashinsa gari ya waye tas, ba ko ɗigon ruwa. Labari ya riga ya zaga, tasha ta cika da mutanen da ba su da kowa a jirgin, don mu a nan ba abin da muke so kamar kallon da ba a biya. Matan kasuwar kifi suka bar tirensu. Melchor ya zo da hannu a rataye ya zauna kan buhu. Casilda ta sa kayan cocinta. Shugaban tasha ya sauko ya tsaya da hannuwa a baya, ya sa Fermín kusa da turken baya ko da za a buƙace shi. Leoncio kuwa yana turken gaba, inda ya kamata ya kasance tun farko.

Aka kira ta gaba, ya saki, ya amsa. Sannan kyaftin, wani ƙato mai farar riga, ya juya ya yi kira.

"Let go stern!"

Pa Gideon ya cire zarge da hannu ɗaya ya sake ta. Ta faɗa ruwa, aka janye ta sama tana ɗiga. Ya leƙa. Ya ɗauki lokaci yana leƙawa, dama da hagu, har ƙarƙashin ginshiƙai. Ya miƙe, ya cika ƙirji da iska. Tasha ta yi tsit, har ana jin ruwa na lasar jikin jirgi.

Ba abin da ya fito.

"Baba, yaya ake ciki?" in ji kyaftin daga sama. "Ruwa na janyewa fa!"

Tsohon ya sake gwadawa. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Wata mata a cikin taro ta ce, "Wayyo, Allah ka buɗe masa." Leoncio bai san lokacin da ƙafafunsa suka kawo shi kusa ba, sai ga shi yana ganin bayan jirgin sarai, ruwa kwance, ba igiya ba kwalekwale.

Sai Pa Gideon ya juyo ya dube shi. Leoncio ya san kallon tsohon iri-iri, na faɗa, na tsokana, na raini, amma bai taɓa ganin wannan ba. Roƙo ne. Mutumin nan mai taurin kai, yau da gari guda ya zuba masa ido, shi ne yake cewa a fid da shi. Kalmomi biyu ne kacal, kuma wannan karon ba ƙarya a ciki. Ba tsoron kora ne ya hana Leoncio ba, a lokacin da zai ba da aikin da duk abin da ya mallaka don a daina kallon tsohon nan haka. Amma ya san in ya amsa, shi ke nan, ya sake ture shi gefe a gaban kowa, kuma da haka za a riƙa tuna barinsa tasha. In ya yi shiru, turken na Pa Gideon ne har ƙarshe, shi zai ce abin da za a yi da shi. Ya ciji leɓe, ya girgiza kai a hankali, hawaye na zubo masa.

Pa Gideon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya gyaɗa kai. Ya juya ya kamo Fermín ta hannun riga, ya jawo shi gindin turke, ya danƙwafar masa da kai wajen ruwa. Ya nuna masa dama, ya nuna hagu, ya nuna ƙarƙashin ginshiƙai. Sai da Fermín ya leƙa ko'ina tukuna ya sake shi, ya ja da baya.

"Stern clear!" in ji Fermín.

Farfela ta juya. Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka buɗa wa tsohon hanya, ya bi ta tsakiyarsu yana jan ƙafa, bai waiga ba. Casilda ta zauna a kan wani akwati ta rufe fuska.

"Bi shi, Auta," ta ce.

Suka hau gangaren kasuwa su biyu, tsohon a gaba, Leoncio a baya. Maganganu cike da bakinsa, na ban haƙuri da na lallashi, amma bai furta ko ɗaya ba. A kwanar da ke saman kasuwa, inda ake hango teku, Pa Gideon ya tsaya ya dafa gwiwa yana mayar da numfashi. Jirgin Kalaba ya riga ya fita, yana ƙanƙancewa a kan ruwa. Tsohon ya bi shi da ido, kafaɗunsa a sake, ba ya kokawa da komai.

"Stern clear," ya ce.

Da tsohuwar muryarsa ya faɗa, cikakkiya, kalmomin biyu garau, har wata mai gasa agade a bakin hanya ta ɗago kai. Shi kansa ya firgita, ya taɓa maƙogwaronsa. Leoncio ya kamo hannunsa.

"Pa! Ka faɗa! Mu koma, shugaba bai bar tasha ba tukuna. Mu koma ka faɗa masa!"

Pa Gideon ya dubi tashar a ƙasa, inda Fermín ke tsaye a turken baya yana naɗe igiya. Ya dubi jirgin da ya yi nisa. Ya girgiza kai. Sannan ya miƙo hannu ya dafa kafaɗar Leoncio, ya sakar masa nauyinsa, suka ci gaba da hawa.